Dattijon da Ke Bangon Zauren Dabo

A ƙauyenmu Tudun Gawo, wanda ba shi da nisa da Tsanyawa, gonaki sun matsi juna ƙwarai, har idan mutum ya yi atishawa a bakin kunyarsa maƙwabcinsa ne ke yi masa addu'a. A irin wannan wuri babu abin da ke ɓoyuwa. Saboda haka duk wanda ya yi wayo a garin ya san Dabo mai injin niƙa, ya san zaurensa, ya kuma san abin da ya daɗe maƙale a bangon zauren ta gabas. Ni Faruku tare muka yi kiwon awaki da shi, kuma tun da Allah ya ba ni ikon riƙe alƙalami, bayan furfura ta riga ta sauka a gemuna, na ƙudura ba zan rubuta kome a kan mutum ba sai abin da idona ya gani ko kunnena ya ji.

Dabo gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai saurin dariya da saurin fushi, kuma dukansu biyun ba sa daɗewa a fuskarsa. Yana saurayi ya bar fartanya ya tafi Kano, ya yi karen mota, daga bisani ya zama direban babbar motar Alhaji Usmanu, wani attajirin hatsi a kasuwar Dawanau. An ce sai ya ɗora matashi a kujera kafin ya hangi hanya sosai, amma babu direban da ya fi shi sanin inji. Da kunne yake gane ciwon mota tun tana nesa. Ya yi wa Alhaji aiki tun gashinsa yana baƙi har ya soma sirkawa, bai taɓa zubar masa da buhu ɗaya a hanya ba.

Da mahaifinsa ya rasu, bayansa kuma ya fara ciwo saboda zaman mota, sai Dabo ya nemi sallama don ya koma ya riƙe gida. Ranar da zai taho, Alhaji Usmanu ya sa aka ciro iyakwandishan ɗin ɗakinsa na kwana, irin na da, mai kama da babban akwatin ƙarfe da ake cusawa a bango. Ya dafa shi ya ce, "Dabo, ka sha zafin inji saboda ni har fatarka ta dahu. Ɗauki wannan ka je ka sha sanyi."

Dabo ya maimaita mana wannan magana sau da yawa.

A amalanken shanu aka shigo da akwatin daga bakin titi. Wasu suka ce rediyo ce ta masu kuɗi, wata tsohuwa ta rantse cewa injin ƙyanƙyasar kaji ne. Garinmu ba shi da wutar lantarki a lokacin, har yanzu ma turakunta kawai muke da su. Amma Dabo ya riga ya yi dabara. Ya sayi injin niƙa ya kafa a rumfa kusa da zaure, ya haɗa masa ƙaramin injin ba da wuta da bel, ta yadda idan ana niƙa wuta za ta samu, idan wuta ta samu sanyi zai zo. Tun daga wannan shekara mazan Tudun Gawo suka koyi wani sabon hali. Magidancin da bai taɓa leƙa tukunyar gari ba sai ga shi da hantsi yana tambayar iyalinsa ko ba za a kai niƙa yau ba, ya kuma ba da shawarar a kai da tsakar rana.

Zauren kuwa ba zauren banza ba ne. Mahaifin Dabo ne ya gina shi da hannunsa, da tubalin ƙasa da azara, kuma har gobe ana ganin shatin yatsunsa a adon da ke saman ƙofa. A nan ake ɗaura auren gidan, a nan ake raɗa suna, a nan aka zauna zaman makokin tsohon da kansa. Wanda aka kira ya huda bangon shi ne Hashimu magini, taubashin Dabo, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda tsakaninsu babu kalmar da ba ta halatta.

Hashimu ya ce, "Kai gajere, gabas za ka huda? Ta nan fa ruwan sama yake dukan gari."

Dabo ya ce, "Ta nan ne kusa da inji. Kai dai huda, ba shawara na kira ka ba. Da kana da shawara da ka ba kanka ka daina yawo da wando mai laka."

Aka huda, aka yi masa firam na katako, aka zaunar da akwatin. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin abu irin na wannan rana ba. A waje bazara ce mai sa kaza ta buɗe baki, a ciki kuwa sai da liman ya ja rawaninsa ya rufe kunnuwa. Ruwan da na'urar ke fitarwa yana ɗiga ta waje cikin wata tsohuwar tasa, Aina'u matar Dabo tana aiko a ɗauka ta zuba wa zogalenta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Kowa ya san mazauninsa a zauren. Nawa yana dab da ƙarƙashin akwatin, kuma ban samu wurin da roƙo ba, shekaruna ne suka ba ni.

Sai tsufa ya soma zuwa masa, kamar yadda yake zuwa wa kowa, a hankali kuma ba da sallama ba. Da farko tari ne. Idan an kunna shi sai ya yi gyaran murya, ya yi shiru, ya sake yi, kafin ya kama aiki. Daga nan ne muka raɗa masa suna Dattijo, har baƙo ya shigo ya ji ana tambaya ko Dattijo ya tashi lafiya, ya waiga yana neman tsohon da zai gaisar. Bayan tari sai gurnani, wanda ya yi ta ƙaruwa har hira a zauren ta koma ihu. Sannan iskar ta rage sanyi. Wata rana za ta fito kamar ta bakin randa, wata rana kamar numfashin saniya.

Mai gyaransa wani matashi ne daga Tsanyawa, Zaharaddini, wanda yake zuwa a babur da tukunyar gas ɗaure a baya. Da can sau ɗaya yake zuwa kafin zafi ya shigo. Daga baya ya zama ɗan gida, har Aina'u takan sa kwanonsa cikin na rana ba tare da ta tambaya ba. A bazarar da nake ba da labarinta, ya zo ya kwance murfin, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannunsa ya tsuguna a gaban Dabo.

Ya ce, "Baba, na gaji da yi maka ƙarya da sukundireba. Gas ɗin da nake zubawa ba ya zama, ta ko'ina yake fita. Tiren da ke tare ruwa ya ci tsatsa ya huje. Zuciyarsa kuma ta gaji, shi ya sa yake jan wuta kamar mai jin yunwa. Idan na ɗinke nan sai can ya ɓalle."

Dabo ya ce, "To ka ɗinke can ɗin ma."

"Baba, babu sauran wurin da allura za ta kama."

"Yaro, kafin a haife ka wannan abu yake sanyaya manyan mutane. Ɗaura murfinka."

Zaharaddini ya ɗaura murfin, ya ci tuwonsa, ya tafi yana girgiza kai a kan babur.

Jan wutar nan da ya ambata ba ƙaramin abu ba ne, domin inji ɗaya ne ke ɗauke da niƙa da sanyi. Duk lokacin da Dattijo ya yi yunƙurin tashi, sai injin niƙa ya sassauta kamar jakin da aka ƙara wa kaya, garin ya fito da tsaki-tsaki. Mata suka fara guna-guni, wasu suka koma kai niƙansu ƙauyen da ke gaba. Dabo ya ce dawar bana ce mai taurin kai.

Ni ne na fara ganin tsagar, ko da Hashimu ya ci gaba da cewa shi ne. Ina kishingiɗe a mazaunina bayan azahar, na ɗaga ido, sai na ga wani siririn layi ya tashi daga kusurwar firam ya nufi sama wajen azara. Na kai hannu ƙarƙashin akwatin, na ji bangon da danshi, a tsakiyar bazara, lokacin da ko rijiya sai an ƙara mata igiya. Na leƙa waje na ga tasar Aina'u a bushe. Ashe ruwan da ya daina ɗiga a tasa bai daina fita ba, cikin bangon yake tsiyaya.

Aka kira Hashimu, wanda dama lokacin zuwansa ne, domin kowace shekara kafin damina shi ke yi wa zauren yaɓe. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daga sama zuwa ƙasa. A sama ya yi ƙara irin ta busasshiyar ƙasa, a ƙasa kuwa ya amsa kamar ganga. Ban taɓa ganin Hashimu ya daina wasa ba sai ranar.

Ya ce, "Dabo, bana ba zan yi yaɓe ba."

"Hannunka ne ya mutu?"

"Yaɓe riga ce. Ba a sa wa bango riga cikinsa ya ruɓe. Wannan tsohon naka yana yi masa fitsari a ciki, yana kuma girgiza shi kullum. Ruwan farko mai iska da zai zo daga gabas, bangon nan zai zauna, idan ya zauna azara za ta biyo shi. Ko ka cire Dattijo in rushe wannan ɓangare in sake ɗora shi tun da sauran rana, ko ka bar shi ku yi bankwana da zauren kawu. Zaɓi ɗaya."

Dabo ya miƙe, duk tsawonsa bai wuce kafaɗar Hashimu ba. Ya ce, "Kai da ka gina wa maƙwabciyarmu Sauda ɗakin girki ya karkace kamar hular ɗan tauri, kai ne za ka koya mini?"

"Ɗakin Sauda yana nan tsaye a karkacensa. Naka kwanciya zai yi."

Daga bayan ƙofar cikin gida sai muka ji muryar Aina'u, wadda ba ta cika sa baki a maganar zaure ba. Ta ce, "Malam, a yi haƙuri da ni. Bayan bangon nan rumbuna yake. Idan zai faɗi, a faɗa mini da wuri in kwashe gerona. Sannan zogalena ya bushe, na gode."

Muka yi dariya, amma Dabo bai yi ba. Ya zauna ya dubi akwatin, ya dubi shatin yatsun mahaifinsa a saman ƙofa, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai ce taurin kai ne kawai, amma ba haka ba ne. A wurinmu abin da ubangida ya cire daga jikinsa ko ɗakinsa ya ba baransa ba kaya ba ne kamar sauran kaya. Ba a sayar da shi, ba a jefar da shi, ba a kuma sauke shi daga inda aka girmama shi ba tare da sanin mai kyautar ba. Alhaji Usmanu kuwa ya riga mu gidan gaskiya. A ganin Dabo, cire Dattijo daidai yake da ya ce wa mamaci kyautarka ta ƙare. Barinsa kuma daidai yake da ya zuba ido ginin mahaifinsa ya rushe. Mutum biyu da ya fi girmamawa a duniya ne suka haɗu a bango ɗaya, kuma babu wanda zai iya tambaya a cikinsu.

Kwanaki suka wuce, iska ta fara juyawa, da yamma ana ganin gajimare yana taruwa can ƙasa-ƙasa ta gabas. Manoma suka fara kai taki gona. Dabo ya rage cin abinci, ya daina tsokanar kowa. Ya tokare bangon da wani reshen darbejiya, wanda Hashimu ya ce ko akuya ba zai tare ba. Mu kuma mazauna zauren, ba tare da mun yi shawara ba, kowa ya ja tabarmarsa ya matsa yamma, har ni.

Shawarar da ta warware al'amarin tawa ce, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Na sami Dabo a rumfar inji na ce, "Alhaji ya tafi, amma gidansa bai tafi ba. Hajiya Kaltume tana nan da ranta a Ungogo wajen babban ɗansu. Abin da za ka tambayi Alhaji, je ka tambaye ta. Idan ta ce a bar shi, sai mu nemi wata dabara. Idan ta sallame ka, ka sallamu."

Ya ce, "Za ka raka ni?"

Na ce, "Da wa za ka je in ba ni ba? Hashimu?"

Muka shiga ƙaramar bas ranar da ba kasuwa, da zabi biyu a kwando da ƙullin daddawa da man shanu a kwalba, domin ba a zuwa gidan ubangida hannu sake. Dabo ya zauna bayan direba, bai bar shi ya huta ba. Tun kafin mu yi nisa ya gaya masa cewa bel ɗinsa ya saki, kuma motar tana cin mai fiye da ƙima. Direban ya ce, "Baba, ko ka karɓi tuƙin ne?" Dabo ya ce da akwai matashin da zai ɗora a kujera da ya karɓa.

Ungogo ta canza ƙwarai. Inda Dabo ya san gonakin rogo duk gidaje ne, sai da mai adaidaita ya yi ta zagaye da mu kafin mu sami ƙofar. Hajiya Kaltume tsohuwa ce siririya, idonta ya raunana amma kunnenta da harshenta suna nan daram. Tana jin sallamarsa ta ce, "Wannan muryar Dabo ce ko ta wani mai kama da shi? Shigo, ɗan gajerena. Har yanzu ba ka ƙara tsawo ba?"

Dabo ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa Alhaji addu'a, aka tambayi Aina'u da yara da shirin damina. Aka kawo fura muka sha. Sai da na taɓa shi da gwiwar hannu sannan ya shiga maganar da ta kawo mu.

Ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, kin tuna iyakwandishan ɗin da Alhaji ya ciro daga ɗakinsa ya ba ni?"

"Na tuna mana. Ni na sha zafi a wancan makon kafin a sa wani."

"To shi ne ya tsufa. Yana zubar da ruwa a cikin bangon zauren mahaifina, magini ya ce ko shi ko zauren. Ni kuma ban iya sauke abin da Alhaji ya ba ni da hannunsa ba. Shi ne na zo in ji bakinki."

Hajiya ta ajiye ludayinta. Ta ce, "Tsaya. Wannan akwatin? Yana nan yana aiki har yau?"

"Yana ƙoƙari, Hajiya."

Ta yi dariya har sai da ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Malam, kai ne abokinsa? To bari in ba ka labarin mutumin nan. Alhaji yana da wata babbar mota ja, ita ce ta farko da ya saya, Jar Saniya ake ce mata. Yana son motar nan kamar 'yarsa. Ta tsufa, yau tana gareji, gobe tana gareji, Alhaji ya ce ba za a sayar ba. Wata safiya ina ba shi koko, sai ga wannan gajeren ya yi sallama, ya ajiye makulli a kan tabarma. Dabo, me ka ce masa?"

Dabo ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, an daɗe."

"Ni ban manta ba. Ka ce, Alhaji, motar da kwananta a wajen makanike ya fi kwananta a hanya ta gama aikinta. Ka ce idan aka ci gaba da lallaɓa ta, wata rana za ta kwanta a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ka ce ba za ka sake hawanta ba ko za a kore ka. Alhaji ya yi fushi, bai yi maka magana ba har Juma'a. Daga baya ya sayar, ya sayi sabuwa, ya riƙa cewa a duk yaransa kai kaɗai ne ke gaya masa gaskiya."

Dabo ya ce, "Ai wannan mota ce, Hajiya."

"Wannan kuma mene ne? Ƙanin babanka ne?"

Na so in riƙe dariyata saboda girman wurin, amma ban iya ba. Dabo ma sai da kafaɗunsa suka motsa.

Hajiya ta gyara zama, muryarta ta sauka. Ta ce, "Da Alhaji zai ji cewa kyautarsa ce ta kayar da ginin mahaifinka, da ya fi ka baƙin ciki. Na sallame ka, ni da 'ya'yansa. Je ka sauke shi. Idan kana son ka riƙe wani abu nasa, riƙe yi masa addu'a, ita ba ta tsatsa. Kuma ka gaya wa Aina'u ƙamshin daddawar nan ya fi na wadda ta aiko bara."

A hanyar dawowa Dabo ya bar direba ya huta har muka kusa gida. Sannan ya juyo ya ce mini, "Faruku, ka san abin haushin? Tun bara na ji a kunnena cewa zuciyarsa ta tafi. Da a motar wani na ji wannan ƙara, da tuni na ce masa ya sauka."

Washegari aka yi gayya. Hashimu ya zo da mutanensa, aka tokare azara da manyan itatuwa, Zaharaddini ya kwance wayoyi, majiya ƙarfi suka rungumi Dattijo suka zaro shi. Da ya fito sai ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zubo da kanta kamar dambu, ga gara fara fat ta yi gida a cikin danshin, ta cinye rabin firam ɗin. Kajin unguwa suka yi biki. Hashimu ya zura hannunsa cikin bangon har kafaɗa, ya zaro, ya dubi Dabo.

Dabo ya ce, "Kada ka ce kome."

Hashimu ya ce, "Ni? Mai wando da laka? Me na sani?"

Aka rushe ɓangaren da ya lalace, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka ɗora sabon tubali. Ginin ƙasa ba ya son gaggawa, sai sahu ya sha iska ake ɗora wani, ga shi kullum da yamma gabas tana ƙara duhu. Dabo ya riƙa zagaya ginin yana kallon sama kamar mai jiran baƙon da ba ya so ya iso da wuri. Sau ɗaya aka yi yayyafi, muka ruga da tabarmi da buhuna muka lulluɓe bangon, liman da kansa yana riƙe da gefe ɗaya. Allah ya taimaka ya tsaya a yayyafin. Aka gama, aka yi yaɓe, ya bushe.

Dabo ya sayar da bijimin da ya kiwata, ya tafi Kano da Zaharaddini suka dawo da sabon iyakwandishan irin na yanzu, mai kashi biyu. Rabinsa farin abu ne mara nauyi da aka rataye a ciki, rabinsa kuma yana waje a kan ƙafafun ƙarfe da aka dasa da siminti, nesa da bango. Hashimu bai yarda an huda ko'ina ba sai wani ɗan rami ta kudu wanda bai fi a zura sanda ba. Ruwan kuma aka ja shi da siririn tiyo har gindin zogalen Aina'u. Injin niƙa bai ma san an ɗora masa kome ba, gari ya koma laushinsa, matan da suka gudu suka dawo da kwanukansu kamar ba su taɓa tafiya ba.

Sabon yana da aibi ɗaya, shi ne ba ya magana. Shekara da shekaru gurnanin Dattijo yana rufa mana asiri, ba mu sani ba. A zaman farko muka gano cewa liman yana minshari. Muka gano cewa cikin Hashimu yana kuka kafin la'asar. Wani daga cikinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba yana faɗin ra'ayinsa game da miyar gidansa, aka ji shi har cikin gidan Dabo, kuma kafin magariba labarin ya isa inda bai so ba.

Dattijo kuwa, masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya a kansa, Dabo ya ce ba na sayarwa ba ne. Ya goge shi, ya ɗora shi a kan duwatsu a inuwar rumfar inji. Ba a jima ba wata kazar Aina'u ta shiga ta inda aka cire murfi ta yi ƙwai a ciki. Aina'u ta aiko a kore ta, Dabo ya hana. Ya ce Alhaji bai taɓa korar baƙo daga gidansa ba.

Ruwan farko na sosai ya zo ne wata Laraba bayan la'asar, muna zaune a zauren. Iska ta taso daga gabas ta kwashe rufin rumfar wani maƙwabci, sannan ruwa ya sauko yana dukan sabon bangon kamar ana watsa tsakuwa. Hira ta tsaya. Kowa yana satar kallon wuri ɗaya. Dabo ya tashi a hankali, ya je ya ɗora tafin hannunsa a daidai inda Dattijo ya zauna, ya daɗe a haka, sannan ya shafa har ƙasa. Ya duba hannunsa, ya nuna mana. A bushe yake.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Allah ya jiƙan Alhaji."

Muka ce amin.

Hashimu ya ce, "Magini fa? Shi ba a yi masa addu'a?"

Dabo ya koma mazauninsa ya ce, "Idan ka mutu za a duba."

Ni kuwa na ja tabarmata na mayar da ita gabas, inda take tun farko.